Rumfata da Sunan Mijina

A wancan lokacin tuwo da miyar kuka nake sayarwa a bakin Kasuwar Shanu ta Potiskum, kuma an san ni da shegen tambaya. Sai na ji garin da kowane direba ya fito, sai na ji abin da ya sa wannan sa ya fi wancan tsada. Abu ɗaya ne ban taɓa tambaya ba, shi ne kuma ya kayar da ni.

Rumfar da nake sayar da tuwon, da kuɗin adashena na kama ta. Ranar da masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma suka fara zuwa, suka tambayi sunan mai rumfa. Benci cike da maza suna cin abinci, kunya ta hana ni faɗin sunana a gabansu. Sai wani mahauci ya yi caraf ya ba su sunan maigidana, aka rubuta. Har godiya na yi masa, wai ya fitar da ni kunya. Haka na yi shekaru ina biya daga cinikina, rasit yana fita da sunan mutumin da bai san kuɗin gishiri ba.

Da aurenmu ya mutu, ban gama idda ba labari ya iske ni cewa ya sa ƙanwarsa a rumfar. Wallahi mamaki ya fi haushi yawa a raina. Na yi ta bin ofisoshi ina so in gane yadda biyan haraji yake mayar da mutum mai rumfa. Wata ma'aikaciya 'yar kudu ta zaunar da ni, ta ce haraji ba ya sayen rumfa, amma in rigima ta tashi, sunan da hukuma ta sani shi ake fara dubawa. Ta tambaye ni ko ina da shaidu. Mahaucin ya rasu, direbobin kuwa suka ce su tuwo suka sani, ba sa shiga tsakanin miji da mata.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don gumina ne. 'Yan'uwana mata masu sana'a, tun ana zaman lafiya ku duba sunan da ake rubutawa in kun biya haraji, ku sa a gyara. Ranar rabuwa ba mai sauraron cewa kunya ce ta hana ki magana. Yanzu a gindin wata bishiya nake tuƙa tuwona, in na ɗaga kai ina hango rumfar.