Kawu Labbo da Safar Hannunsa

Duk wanda ya san Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya fita sai da kamama, wato takunkumin rufe baki da hanci, a aljihun jallabiyarsa. Ya daɗe yana dafa almakasai a ɗakin tiyata a Rusairis, ya dawo ƙauyenmu yana jin kansa rabin likita. Maruru da saran lauje duk wurinsa ake kaiwa.

Kullum faɗa yake wai mutane sun ɗauka likita wari yake gudu. Yakan ce yawunka da numfashinka ake tsare wa mai ciwo, safar hannu kuma ta tsare ku duka biyu.

Rannan yana matse wa ƙanen umda maruru, umdan, wato mai garinmu, ya tsaya a kansu yana ta ba da umarni. Kawu ya miƙa masa kamama. Umda ya ce shi fa ya yi asuwaki.

"Ranka shi daɗe, yawun umda ma yawu ne. Ko ka sa, ko ka hita."

Wallahi sai da ya sa!

Ga maƙo kuma. Ganyen shayi sau uku yake tafasa shi. Matarsa Inna Hajo ta ɗauka za ta burge shi, ta wanke safar da ya yi aiki da ita ta shanya. Ya zo ya datse ta da almakashi, ya ce safa ba ta ganin ciwo biyu. Amma bai yar ba, da guntayen ya ɗaure kan kekensa.

Da yaƙi ya toshe hanya, haihuwa ta gardama wa yayata Asabe. Likitar da ta yi gudun hijira zuwa ƙaramin asibitinmu ta ce sai an yi aiki, ga shi ba safa ko ɗaya. Kawu ya juya gida. Sai ga shi da kwalin safa guda a rufe, wanda ko Inna ba ta san da shi a ƙarƙashin gado ba.

"Daktora, ki ɗauki abin da kike so. Saura ki maido mini."

Asabe ta tashi lafiya, ɗinkin ko ruwa bai yi ba. Sati guda Kawu yana gaya wa mutane "mun yi aiki", alhali a bakin ƙofa ya zauna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya tausaya masa yadda ya tausaya mana.