Dutsen Gyaɗa a Tsakar Gida

Buhun gyaɗa arba'in, yara shida, kasuwa a rufe. Abin da kullen korona ya bar min ke nan a gidanmu na Ajingi. Maigida kuwa dokar ta rutsa da shi a Kano, sai dai waya. Gyaɗar mai ɓawo ce, na tara ta tun kaka don masu matsar mai a Gaya. Da aka hana fita, na sa aka kwaso ta daga shago aka jibge a rumfar tsakar gida, buhu kan buhu har kusa da kwano. Ni jari nake gani, yara kuwa dutse suka samu.

Ba boko, ba islamiyya. Tun safe suke hawa suna dirowa, na yi faɗa har muryata ta dushe. Wata rana da hantsi ina tankaɗe na ji tim, sai tsit. Shirun ne ya tashe ni. Autata, 'yar shekara takwas, ta zamo daga can sama, ƙeyarta ta bugi turmi.

Da kanta ta miƙe, ko kukan kirki ba ta yi ba. Surukata, wadda muke kira Inna, ta shafa kan ta ce, "Ba jini, ba kumburi. Ubanta sau nawa jaki ya kayar da shi? Ga shi nan da gemunsa. A shafa mata man zafi ta kwanta."

Na kusa yarda. Sai auta ta ce, "Umma, wa ya ture ni?"

"Ba kowa, zamewa kika yi."

Kafin in gama tankaɗen ta sake tambaya. Ta kuma sakewa, kamar ban taɓa ba ta amsa ba. Can ta yi amai, ta rufe ido wai rana na sukarta.

Na daɗe a sana'ar nan, kuma ban taɓa sayen gyaɗa don kyan ɓawo ba. Sai na kai kunne na girgiza, na ji abin da ke ciki. Na ce, "Inna, waje lafiya lau, cikin ne bai yi min ba."

Mai kyamis na unguwarmu ya ce wannan ta wuce kantinsa, mu nufi babban asibiti a Gaya. Mota ce ta gagara, duk direbobi sun ajiye. Na aika aka kira mai a-kori-kurar da ke min dako.

"Hajiya, ba na fita fanko. Mai kayan abinci kaɗai ake bari. In aka riƙe motar nan, tayar mota 'ya'yana za su ci?"

"To loda buhu biyar."

"Wa zai sayi gyaɗa yau?"

"Kai dai tuƙi aka ce ka yi, ba ciniki ba."

A shingen hanya jami'i ya leƙo. Na ce, "Yallaɓai, gyaɗa a baya, mara lafiya a gaba." Ya dubi yarinyar a cinyata, ya janye katakon da aka tare hanya da shi da kansa.

Likitar mace ce. Ta haska idon auta, ta sa ta tafiya a miƙe, ta yi mata tambayoyi. Ta ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma gara da muka zo. Ta ce tun da aka kulle gari ba ta cika ganin yaran da babur ya buge a hanyar makaranta ba, sai masu faɗowa daga katanga da bishiya. Suka riƙe mu zuwa washegari, sannan ta sallame mu da sharaɗi: ba gudu, ba tsalle, ba kallon waya, har sai ciwon kai ya ɗauke gaba ɗaya. Buhunan nan biyar na sayar wa wani mai injin matsa, a farashin da har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Da muka dawo na rushe dutsen, aka jera buhu bibbiyu. Amma na san in ban ba su aiki ba, katanga za su koma. Na shimfiɗa tabarmi na ce kowa ya zauna ɓarar gyaɗa, ladan kowane mudu ƙuli-ƙuli. Auta na naɗa ta ma'auniya, tana kishingiɗe a inuwa, ba abin da ke shiga buhu sai ta yarda mudu ya cika. Sarauta ta zaunar da ita yadda bulala ba za ta iya ba. Inna ma ta shigo layi, tana mita.

"Ke 'yar nan, mudun nawa ya cika mana!"

"Bai yi tozo ba, Inna. Ƙaro."

Ranar da aka buɗe kasuwa, abokan sana'ata suka fito da mai ɓawo, ni na fito da tsaba, ɓararriya tsaf. Abin da na samu a kai ya rufe ramin buhu biyar har da ɗori. Ba wanda ya sake faɗowa a gidana. Auta kuwa yanzu tana sakandare, kuma in na manta wanda ya karɓi kaya a kasuwar da ta wuce, ita nake tambaya. Sau ɗaya take faɗa.