Takalmin Hagu na Merv Tolhurst

Merv Tolhurst yana da shekara sittin da takwas, ya yi ritaya daga askin tumaki, yana zaune da matarsa Glenys a bayan garin Parkes. Duk faɗin Ostireliya an yarda babu wanda ya kai shi son ƙungiyar kiɗan rok da ake kira Tsatsar Kwano. Shi dai bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba. Abin da yake faɗa tun farko shi ne takalminsa yana hannunsu.

Surukinsa ne ya ɗinka masa takalmin. Enzo Bertoli baduku ne, ya zo ƙasar daga Italiya yana saurayi, kuma bai so 'yarsa ta auri mai warin tumaki ba. Da ya ga babu yadda zai yi, sai ya kira Merv shagonsa, ya auna ƙafarsa ba tare da ya dubi fuskarsa ba. Ana gobe ɗaurin aure ya aiko masa da takalmi na jar fata, mai dogon wuya, marar igiya, irin wanda ake zura ƙafa kawai. Iyakar yardar da Enzo ya nuna ke nan, kuma kowa a gidan ya fahimci haka.

Ba a yi mako da biki ba Glenys ta ja shi zuwa Sydney kallon Tsatsar Kwano a babban zauren wasa. Ita ce mai son su, tun tana makaranta. Shi Merv ya tafi ne don sabon ango ba ya cewa a'a. Suka samu wuri a gaba, jikin ƙarfen da ya raba jama'a da dandamali. Da wasa ya yi nisa, sai jama'a suka soma ihun da aka saba, takalmi, takalmi, suna so mawaƙin ya sha giya a cikin takalmin wani. Wanda aka sha a nasa akan jefo masa abinsa, ya sa shi a jiƙe ya tafi gida yana alfahari. Glenys ta dubi ƙafarta, ta ga nata buɗaɗɗe ne, ba zai riƙe ko cokali ɗaya ba. Sai ta sunkuya. Merv ya zaci wani abu ta yar, ya ɗaga ƙafar hagu don ya ba ta wuri. Ta zare takalmin ta jefa.

Mawaƙin, Clarrie Doolan, ya cafe takalmin a sama, ya cika shi, ya shanye. Sannan ya tsaya yana jujjuya shi a hannu. Ya gaya wa jama'a ya sha a takalma da yawa, amma bai taɓa samun wanda ba ya yoyo ba sai yau. Ya ɗora shi a kan lasifika ya ci gaba da waƙa. A makon nan wata waƙarsu ta shiga rediyo ta ƙi fita, kuma 'yan ƙungiyar suka yanke cewa sa'ar takalmin ce. Aka yi masa akwati nasa na kansa.

Ranar Lahadi suka je cin abinci gidan Enzo. Tsohon ya dubi ƙafafun Merv tun daga bakin ƙofa.

"Na ba ka 'ya ɗaya da takalmi biyu. Yau kwana nawa?"

"Baba, ita fa ta jefa."

"Daga ƙafar wa?"

Enzo ya ce ba zai hana shi shiga gidan ba, amma ba zai zauna a teburinsa ba sai takalman biyu sun zo tare. Aka kai masa taliyarsa baranda. A barandar ya ci abincin kowace Lahadi, da na Kirsimeti, da na sunan 'ya'yansa. Da Enzo ya rasu Glenys ta gaji gidan, suka koma ciki, Merv ya ci gaba da ɗaukar farantinsa yana fita. Glenys ta ce dokar ta bi mai ita kabari. Merv ya ce mutumin ya mutu bai janye ba, kuma shi ba zai ci amanar wanda ba ya nan ba. Ruwa ko rana, a waje yake ci, shi da kare.

Dabararsa mai sauƙi ce. Zai je inda suke wasa, ya nuna musu takalmin dama, su ga ɗan'uwan na hannunsu ne, su ba shi abinsa. Karo na farko masu gadin ƙofa suka ce ba a shiga da takalmi a hannu, abin jifa ne. Ya tambaya, in a ƙafa yake fa? Suka ce wannan ba ruwansu. Sai ya sa shi a ƙafar dama, ya sa silifa a ta hagu, ya shiga yana ɗingishi. Haka ya yi a Sydney, haka a Brisbane, haka a Adelaide, har Perth ya je da mota, kwana da kwanaki a hanya. Glenys ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Takan ce da ƙawayenta ita Allah ya ba ta miji mai kai ta wasa.

Tun da safe yake kama layi, da kujerarsa mai naɗewa da flas ɗin shayi, don ya samu jikin ƙarfen nan. Kafin a soma yakan cusa gashin tumaki a kunnuwansa biyu, domin ƙarar tana sa masa ciwon kai. Daga waƙar farko har ta ƙarshe yana nuna ƙafarsa, yana nuna lasifika, yana ihu a ba shi takalminsa. Babu mai jin kowa a wurin nan. Clarrie yakan hango shi, ya nuna shi da yatsa, ya bugi ƙirji. Wata shekara aka hasko fuskarsa a babban allon zauren yana hawaye, jama'a suka yi ta tafi, washegari hoton ya fito a jarida. Wani ƙato ne ya tsaya masa a kan ƙafar silifa.

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. Masoya ƙungiyar suka ɗauka alama ce ta tsantsar ƙauna, suka soma zuwa da takalmi a dama, silifa a hagu. Da farko 'yan ƙalilan ne a gaba, bayan wasu shekaru duk zauren. Idan an tashi daga wasa sai ka ga dubban mutane suna ɗingishi gefe ɗaya zuwa tashar jirgin ƙasa. Merv ya gwada ƙofar baya inda 'yan ƙungiyar suke fita. Mai gadin ya saurare shi har ƙarshe cikin ladabi, ya ce, "Mutumina, kai ne na tara da ya ce takalmin nasa ne yau." A layi matasa sukan roƙe shi hoto, su tambaye shi wace waƙa ya fi so. Yakan ce wadda ake yi kafin a ɗauko takalmi, su kuwa su ce lallai dattijon nan ya san abin.

Gaskiyar ita ce bai taɓa jin waƙarsu ɗaya sosai ba, amma ya san su kamar 'yan'uwa, don ya fi shekara talatin yana kallonsu daga kusa. Ya ga lokacin da mai ganga ya soma sanƙo. Ya ga mai jita ya koma zama a kan kujera saboda gwiwa. Shi ya fara lura Clarrie ya rame, tun kafin a ji cewa likita ya hana shi giya. Tun daga lokacin baƙin shayi marar sukari ake zuba masa a takalmin, daga buta, jama'a kuma suna ihu kamar da. Merv ya gaya wa Glenys ya ji daɗi da mutumin ya kula da lafiyarsa, sai dai ruwan zafi ya fi giya ɓata fatar takalmi.

Bara ƙungiyar ta ce za ta yi wasan bankwana a Sydney. Merv ya san in bai samu takalmin a ranar ba, shi da tebur har abada. Kusa da ƙarshen wasa Clarrie ya shanye shayinsa, ya ɗaga takalmin sama, ya tsai da kiɗa. Ya ce abin nan ba nasa ba ne, aro ya yi tun yana da gashi, kuma yau yana so ya mayar wa mai shi. Ya tambaya, na wane ne? Duk zauren ya ɗaga hannu. Merv kaɗai bai ɗaga ba, saboda gashin tumakin da ke kunnensa. Kafin Glenys ta zare masa shi ta yi masa bayani, Clarrie ya riga ya yi wata dabara. Ya ce to, mai shi ya jefo ɗaya ƙafar a gwada.

Glenys ta soma sunkuyawa.

"Glenys, kada ki soma."

"Shi fa ya ce a jefo, tsoho."

"Na taɓa gani."

Ya sa ƙafar dama tsakanin ƙarafan shingen ya maƙale ta. Sauran jama'a ba su tsaya shawara ba. Takalma suka taso daga ƙasa da daga bene, na aiki, na gona, na hawan doki, duk na dama. Mai ganga ya shige ƙarƙashin gangunansa. Mai jita ya ɗora kujerarsa a ka ya fita. Clarrie ya saki abin da ke hannunsa ya kare fuska, aka janye shi ta baya. Da aka kunna fitilu ba a ganin dandamalin sai tudun fata, kuma takalmin Merv yana wani wuri a ƙarƙashi. Waƙar ƙarshe ba a yi ta ba.

Masu zauren suka kwashe tudun a manyan motoci suka kai wa wata ƙungiyar agaji mai sayar da kayan gwanjo. Ƙungiyar ta karɓa da godiya kafin ta gane babu guda biyu da suka dace. Merv ya yi tunaninsa a baranda. Duk abin da aka jefa na dama ne, na hagu guda ɗaya tak ke cikin tudun. Ya je ma'ajiyar ya ce ya zo aikin sa kai. Matar da ke kula da wurin ta ce ba ta san me za a yi da su ba. Ya ce shi ya sani. Ya yi makonni yana ɗaga takalmi yana duba ƙasansa yana ajiyewa gefe. A ƙarshe hancinsa ne ya kai shi, domin babu wani a wurin da ke warin tsohuwar giya da shayi a haɗe.

Takalmin ya tsuke, ya yi tauri kamar katako, ya yi baƙi, bai ƙara kama da ɗan'uwansa ba. Merv ya yi kwanaki yana shafa masa man gashin tumaki. Ranar Lahadi ya tura ƙafarsa ciki da taimakon cokali, ya tako zuwa ɗakin cin abinci, ya tsaya gaban hoton Enzo har ya tabbatar an gan shi, sannan ya ja kujera ya zauna. Glenys ta sa masa taliya, ta tambaye shi yaya. Ya ce abincin dai shi ne, amma babu iska. Karen yana waje yana kallonsa ta gilashi.

Ya ci a teburin watanni. Glenys ta ce bai taɓa zama marar magana haka ba. Ya gyara shingen gidan da ba abin da ya same shi. Kujerar mai naɗewa ta yi ƙura a gareji.

Sai Tsatsar Kwano ta ce tun da ba a yi waƙar ƙarshe ba, bankwanan bai ƙirgu ba, za a sake. Glenys ta sayi tikiti biyu ba ta tambaye shi ba. Ranar Asabar da ta wuce suka je, shi da takalmi a kowace ƙafa. An sa sabuwar doka, duk mai takalmi ɗaya sai ya bar shi a ƙofa, don haka jama'a suka shiga da silifa biyu. Masu gadin da suka san shi shekara da shekaru ba su gane shi ba. Wani a layi ya dubi ƙafafunsa ya tambaye shi ko yau ne zuwansa na farko. Merv ya ce kusan haka ne. Ya bar gashin tumakin a aljihu, ya ji kiɗan da kunnensa. Ya ce da Glenys bai kai munin da ya zata ba.

Da lokaci ya yi jama'a suka soma ihun takalmi, don baki ya saba. Aka miƙo wa Clarrie butar shayi. Ya tsaya da ita a hannu ɗaya, ɗaya hannun babu komai, yana duban saman lasifika. Ihun ya soma raguwa. Glenys ta sa hannuwanta biyu a aljihu, ta kafa ido a rufin zauren.

Merv ya sunkuya. Ya taɓa na hagu, ya bar shi, ya zare na dama.

"Wancan ya yi nasa aikin," in ji shi, ya jefa.

Clarrie ya cafe da ƙyar, ya cika, ya sha, ya jujjuya shi a hannu, ya ɗora a kan lasifika.

Washegari Lahadi Glenys ta shirya tebur, faranti biyu. Merv ya ɗauki nasa, ya tura ƙofa da gwiwar hannu, ya fita baranda.