Sai An Faɗa Mata Sunan Ciwon

Duk wanda ya taɓa karyewa a unguwar nan ya san Inna Mai Filasta, kuma ba kowa ne ke tuna ta da daɗi ba. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin ɗori na asibiti, wani ɗan ɗaki mai benci ɗaya da bokitai da zarton yanka filasta. Ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Aikinta jiƙa bandeji, riƙe ƙafa, da tsawata wa ƙattai masu ihu.

Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, wato a ce wa mutum "ɗan ciwo ne". Kafin ta sallame ka sai ka maimaita mata da bakinka abin da likita ya ce. Targaɗe daban, gocewar ƙashi daban, tsagewa daban, karaya daban. A karayar ma akwai wadda ƙashi ya huda fata ya leƙo, akwai wadda ya farfashe a ciki. "Wanda aka ce masa ɗan ciwo ne," in ji ta, "shi ne zai sa wuƙa ya tsarge filastata, ya dawo min da ƙafa a karkace." Masu babur suna ce mata masifaffiya a bayan idonta, a gabanta kuwa har da rusunawa.

Ta daɗe da yin ritaya lokacin da abin ya same ta. Da hantsi ne, ta miƙe za ta shanya wanki, sai ta ji ƙas a cinyarta ta dama. Ba faɗuwa ce ta karya ta ba, karyewar ce ta kayar da ita. Tana kwance a tsakar gida tana salati, amma tuni ta lura da wannan.

A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka sake wani hoton. Likita, wata matashiya mai sanyin magana, ta kira babban ɗan Inna waje. Ya dawo yana murmushin yaƙe, autarta na biye da shi da jajayen idanu.

"Inna, tsufa ne kawai. Ƙashi ya yi laushi. Gobe za a sa miki ƙarfe, shi ke nan."

"Tsufa ko?" ta ce. "Tsufa a kwatangwalo yake karya mutum, ko a wuyan hannu, shi ma sai an faɗi. Tsakiyar cinya mota ke karya ta, ba shanyar zani ba. Mene ne sunan ciwon?"

"Wallahi Inna..."

"Kar ka rantse, ka ƙara wa kanka zunubi."

Washegari da aka turo gadon tiyata ta riƙe ƙarfen gadonta gam. Ta ce ba mai tsaga ta sai ta san abin da ya ci ƙashinta. Likita ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani: duk kwanan da aka ƙara, gyambon kwanciya na iya kama ta, ko ciwon huhu, kuma ƙafar ba jira za ta yi ba.

"Mama, haƙƙinki ne ki sani. In kin ce in faɗa, yanzu zan faɗa. Ɗanki ne ya roƙe ni in ba shi lokaci."

"A'a, ƴata, ke kin fita. Wanda ya ɓoye, shi zai fito da shi."

Dangi suka yi ta sintiri. Ƙanwarta ta ce, "Haba Yaya, ki bar wa Allah mana."

"Na bar Masa tuntuni. Amma likita ta sani, ku kun sani, har mai sharar ɗakin nan kallon tausayi take min. Ni mai ƙafar ce kaɗai bare?"

Kada a ɗauka ba ta jin tsoro. Tana ji, sosai ma, kuma zafin cinyar har gumi yake sa ta. Amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ƴaƴan da ta goya su zauna su yanke cewa ba za ta iya ɗauka ba.

Babban ɗan nata malamin makaranta ne, mutumin da ya saba magana a gaban aji, amma da ya zo da la'asar sai ya kasa haɗa ido da ita. Ya durƙusa a gefen gadon, autar na tsaye a bayansa.

"Ciwon daji ne, Inna. Ya shiga ƙashi. Ƙarfen zai sa ki iya takawa, amma ba zai warkar da shi ba."

Ita ta nema, kuma ta yi zargin haka, duk da haka sai da maganar ta doke ta.

"Sake faɗa. Ƙanwarka ba ta ji ba."

Ya sake faɗa, muryarsa ta karye a tsakiya. Ta dafa kansa kamar yadda take yi masa yana yaro, ta bar shi ya yi kukansa.

"To, ya isa. Tashi ka ce wa likita na shirya. Da ƙafata zan koma ɗakina."

Suna fita, matar gadon kusa, wadda aka kawo da karayar hannu, ta juyo a hankali.

"Sannu baiwar Allah. Ke me ke damunki?"

Inna ta goge fuskarta da gefen mayafi.

"Daji ne, a ƙashi," ta ce. "Ke fa, me suka ce miki?"