Sunan da Malam Uba Bai Rubuta Ba

Malam Uba mai sito ya shekara goma sha tara yana riƙe da makullan wani ofishin gwamnati a Samaru, kuma a duk shekarun nan bai taɓa yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihu ya ji ko makullan na nan. Keken da yake hawowa daga Dogarawa ma a cikin sito yake kulle shi.

A ƙarshen 1975, da gwamnatin soja ta shiga kakkaɓe ma'aikata, aka raba musu wata takarda. Kowa ya rubuta sunan duk ɗan'uwansa da ke da kwangila da ofis. Wanda ya ɓoye, a bakin aikinsa.

Malam Uba yana da mutum ɗaya. Ɗansa na fari kafinta ne a Chikaji, shi ke yi wa ofis benci da kabad. Tun daga yaye wan Malam Uba ya ɗauke shi riƙo, har sunan wan yake amfani da shi. Shi kuwa Malam mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. Shekara talatin bai taɓa kiran sunan ba, sai dai ya ce "wancan". Kwangilar ma ba shi ya ba shi ba. In wancan ya kawo benci, Malam yakan kau da kai, ya ƙwanƙwasa katakon har ya samo aibu, ya mayar da rabi.

Kwana uku takardar na aljihunsa. A na huɗu ya rubuta "wancan na Chikaji", ya miƙa, a ganinsa ya gama magana.

Ba a yi mako ba aka kira shi gaban kwamitin bincike. Zarginsa ya tafi kan Augustine, akawun da ya cika tambayar lafiyar makullai. Daga baya ya zargi masinja, ya zargi mai shara, har matarsa sai da ya yi wa wani irin kallo. Takardar da ya cika da hannunsa ce kaɗai bai zarga ba.

Shugaban kwamitin, Mista Abiodun, baƙo ne daga Legas, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ga ɓarayi iri-iri a watannin nan, kuma dukkansu da irin wannan ɓoye-ɓoye suke farawa. An kira kafintan ma, yana tsaye bakin ƙofa, da garin katako a hularsa.

"Malam Uba, wannan mutum ɗanka ne?" in ji Mista Abiodun.

"Ranka ya daɗe, na wajen yayana ne."

"Ban tambayi inda yake zaune ba. Me ya sa ka ɓoye suna?"

"Ban ɓoye ba. Kowa ya san shi."

"To faɗi."

Malam Uba ya dubi ƙasa, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Augustine, da aka kira ya ɗauki bayani, ya miƙe zai yi magana a kan al'adar, Malam ya harare shi, don ya tabbata sharri zai ƙara. Ya koma ya zauna.

"In ba ka faɗa ba, ajiye makullai a teburin nan," in ji Mista Abiodun.

Malam ya zaro makullan, ya juya su a tafin hannu. Yana da ƙanana shida a gida.

"Zubairu," ya ce, muryarsa can ƙasa.

An bar masa aikinsa. Kwangilar kuwa aka soke ta nan take, don sabuwar doka ta hana ɗa ya sayar wa siton ubansa. Zubairu ya rasa babban cinikinsa, ya sallami ma'aikata biyu.

Augustine ne ya bi shi waje don ya ba shi haƙuri. Ya same shi tsaye a gindin dalbejiya, ya cire hula, yana share ido da ita.

"Kada ka damu, Zubairu, wani aikin zai zo."

"Ba aikin ba ne," in ji Zubairu. "Ashe ya san sunan."