Agogon Ƙarfen Sabis na Gonar Kawu

Wata biyu da fara aikina a kamfanin da ke kula da ƙarafan sabis, aka tura ni ƙauyen su mahaifiyata, can gefen Kunci. Ƙarfen yana tsakiyar gonar kawuna, gero da dawa sun kewaye shi har sun fi ni tsayi. Kwana biyu kafin nan tsawa ta faɗa kusa da shi, ta ƙone na'urar da ke karɓo masa lokaci daga tauraron ɗan'adam.

Kafin in shiga wannan aiki ban san kwamfutar ƙarfen tana da agogo biyu ba. Akwai wanda kowa ke gani a gefen allo. Akwai kuma wani a ɓoye cikin katin da ke haɗa ta da sauran ƙarafa, mai raba sakan ɗaya gida biliyan. Da shi ƙarfen ke sanin sa'ad da zai aika saƙo da sa'ad da zai saurari wayoyin mutane. Babbar manhajar kwamfutar ta bar wata 'yar ƙofa da ake isa gare shi: kana iya karanta shi, kana iya rage masa gudu a hankali, kana kuma iya tsallakar da shi gaba ko baya a bugu ɗaya. Tun da na'urar ta ƙone yake tafiya shi kaɗai, yana zamewa gaba kaɗan-kaɗan.

Bayan azahar na gama ɗaura sabuwar na'ura. Na zauna a ɗan ɗakin ƙarfe da ke gindin ƙarfen, na kira shugabata a Kano, wata injiniya da ba ta son a sa ta maimaita magana. Na karanta mata tazarar da na gani tsakanin agogon da lokacin sabuwar na'urar.

"Ya yi gaba," ta ce. "Mayar da shi baya daidai wannan adadin. Ka sa alamar ɗebewa a gaban lambar."

Na ce, "To, ranki ya daɗe." Na rubuta lambar, na danna.

Muryarta ta yanke a tsakiyar kalma. Fitilun da ke gabana suka koma ja ɗaya bayan ɗaya. Na duba abin da na rubuta, babu alamar ɗebewa. Na ninka tazarar ke nan, shi kuwa ƙarfen da ya ga agogonsa ya kauce haka, sai ya kashe kansa don kada ya dagula wa maƙwabtansa. Wayata ma da shi take aiki, ba wanda zan iya kira.

Ina zaune gumi na zuba a kan madannai, sai na ji ana dukan ƙofa. Kawu ne, ba hula, ƙafafunsa duk laka.

"Kai, me ya sami sabis? Kububuwa ta sari matar yayanka a gonar wake! Muna neman mai mota a Kunci, waya ta ƙi shiga!"

Babban ɗansa yake nufi. Matar ce ta kawo mini fura da safen nan.

"Ana gyarawa, Kawu," na ce. Ya dube ni, ya juya da gudu cikin dawa.

Na koma gaban kwamfutar. Ina jiyo kukan mata daga cikin gari. Na san gyaran, layi ɗaya ne, amma na ji tsoron madannan nan kamar wuta. In na sake kuskure, sai an turo wani daga Kano, wato sai gobe. Na sake karanta tazarar, na rubuta ta a tafin hannuna da alamarta, na karanta a bayyane sau uku. Na yi bisimilla na danna.

Lambar ta sauko kusa da sifili, amma fitilun suna nan ja. Ƙarfen ba ya dawowa sai ya tabbatar agogon ya zauna. Na tsaya ina kallon lambar tana ɗan lilo, ina jan Hasbunallahu, har na ji ƙarar babur ta nufi hanyar Kunci. Sun gaji da jira, sun ɗora matar a babur tsakanin mutum biyu.

Kusan rabin awa kafin fitilun su koma kore. Nan take shugabata ta kira, na faɗa mata komai. Ta ce, "Rufe ɗakin ka bi su asibiti. Maganar aiki sai gobe."

Matar ta rayu, sai dai ƙafar da kububuwar ta sara ta yi makonni a kumbure. Sai da aka sallamo ta na sami Kawu yana gyaran fartanya a ƙofar gida, na durƙusa na gaya masa ni na kashe sabis ranar. Bai ɗago ba.

"Ka gaya wa mijinta?"

"A'a, Kawu."

"To, yana gonar wake. Tashi ka same shi."

Na tashi na nufi gonar.