Ɗigo Biyu a Ruwan Zafi

A shekarar da ruwan kogi ya hau har ya shiga rumfunan albasa na kasuwar Ose, a nan Anaca, matata ta rasu. Shekara ashirin da biyu muka yi a ɗaki ɗaya. Ita mai sayar da lemo ce a bakin layinmu. Takan fere shi da ƙaramar wuƙa, ɓawon ya sauko a murɗe bai tsinke ba, ta shanya shi a kan kwano. Da yamma sai ta jefa kaɗan a garwashi saboda sauro. Ban taɓa kula da ƙamshin ba sai da ta tafi, ɗakin ya koma warin albasar da ke jikin rigunana.

'Yarmu tana aure a Fatakwal. Da ta ji ba na cin abinci sosai, ta ba wani direba saƙo ya kawo mini: kwalba ce baƙa, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ta ce man ɓawon lemo ne, wata maƙwabciyarta mai aikin jinya ta ce yana kwantar da hankali. Ta ja kunnena a waya.

"Baba, ba turare ba ne fa. Ɗigo biyu a ruwan zafi, ka shaƙa. Kada ka shafa."

Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Rubutun jikin kwalbar Turanci ne, ban gane ba, amma na kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya a bayan littafina don hannuna ya saba.

Kullum bayan la'asar nakan rufe rumfa in dawo, in zuba ruwan zafi a kwanon shanta, in ɗiga sau biyu. Tururin ya tashi. Ban sani ba ko magani ne. Abin da na sani, idan na rufe ido sai in ji kamar tana bakin ƙofa tana fere lemo, in gaya mata abin da aka yi a kasuwa. Na lissafa, in na yi tattali kwalbar za ta kai ni azumi.

Wata Juma'a na manta da ita a aljihu. Bayan an idar da salla na ciro hankici, sai ta faɗo kan tabarma. Dattijon da rumfarsa ke jikin tawa, wanda shi ya ja sallar gawar matata, ya ɗauka ya juya ta.

"Ashe Malam ɓoye mana turare kake yi? Bismilla."

A wurinmu turare ba a hana shi, ba a kuma ƙin karɓa. Na buɗe baki, amma me zan ce a gaban sahu? Ya cire 'yar robar da ke bakin kwalbar da haƙori don ya fi zubowa, ya shafa a gemu, ya miƙa gaba. Ta bi hannu takwas ko tara. Wani mahauci ya ce yau duk mun zama tiren mai lemo, ƙudan Anaca za su raka mu gida. Aka yi dariya, ni ma na yi. Wani ya ce wuyansa na zafi. Da ta dawo hannuna babu nauyi.

Na karanta wa 'yata haruffan nan daga littafina, ta aiko da wata iri ɗaya. Na tafasa ruwa, na ɗiga biyu, na rufe ido. Gemun dattijon na gani, na ji muryar mahaucin. Na yi haƙuri na sake gwadawa har mako uku. Daga nan na daina, kwalbar tana nan kan taga, kusan cike. Dattijon har yau yana tambayata inda ake sayar da turaren, in ce masa daga nesa aka kawo.

Abin da na rasa a Juma'ar nan shi ne kwalba ɗaya, da kwanakin da suka rage kafin azumi, da hirar da nake yi da matata bayan la'asar.